Ranar da Kafinta Ya Datse Kebul

Shekara uku na yi ina kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoma a Zuru, kuma ban tuna ranar da na ci tuwo hankalina kwance ba.

Muna da sabar biyu, wato manyan kwamfutocin da duk ma'aikata ke ajiye fayilolinsu a ciki: sunayen manoma, girman gonakinsu, irin shukar da kowa ya nema. Ɗaya tana ginin gaba, ɗayar tana ginin baya. Ta gaba ke aiki, ta baya kuma tana kwafar komai tana jira. Idan ta gaba ta mutu, sai ta baya ta karɓi aikin kafin kowa ya lura. Wani siririn kebul da na ja ta cikin silin ne ya haɗa gine-ginen, ta nan kowacce ke sanin ɗayar na nan lafiya.

Ni na haɗa su da hannuna, shi ya sa ban taɓa yarda da su ba. Ko a kasuwa nake, sai in ji kamar wayata ta motsa a aljihu. In fita in dawo, in leƙa fitilunsu, in sake fita.

Wata Litinin da damina na tafi Dabai sunan ɗan ƙanwata. A ranar aka kira kafinta ya gyara yoyon rufi. Ya ga kebul ya tare masa hanya, sai ya datse shi, bai gaya wa kowa ba. Kowace sabar ta ɗauka ɗayar ta mutu. Duka biyun suka kama aiki, mutanen gaba na rubutu a ɗaya, na baya a ɗayar. Talata na leƙa, fitilu duk kore, na koma kujerata.

Ranar Laraba wani dattijo ya zo daga Wasagu a bayan babur don karɓar irin dawa. Sakatariyarmu ce ta aiko a kira ni. Matar tsohon soja ce, ta girme mu duka, Mama muke ce mata.

“Ɗana, zo ka duba. Shekaranjiya da hannuna na sa sunan Baba a nan, amma a ginin baya sun ce babu shi.”

Dattijon ya ce, “Malam, ni dai a sallame ni kafin hadari ya taso.”

Ina dubawa na gane. Na ruga ginin baya na ce kowa ya ɗaga hannunsa daga kwamfuta. Mama ba ta jira ni ba. Ta tafi da kanta wajen mai kula da sito, ta ce ta tsaya wa dattijon, aka auna masa irinsa ya tafi.

Kwana uku muka yi ni da ita muna gwada fayilolin layi-layi. Tana karantawa da tabarau a karan hanci, ni kuma na kasa zama, ina kai da komowa a bayanta.

“Zauna, kana sa ni ɓatan layi,” in ji ta.

Na zauna, can kuma na sake miƙewa.

Da muka gama, na ja kebul na biyu ta wata hanya daban. Na kuma kawo wata ƙaramar kwamfuta ta zama shaida, ta yadda babu sabar da za ta karɓi aiki sai shaidar ta yarda. A gaban Mama na zare wutar ta gaba don gwaji. Ta ci gaba da bugun rubutunta, shafin ya ɗan tsaya, sannan ya wuce.

“To, yanzu sai ka tafi hutu,” ta ce.

Na karɓi mako guda. Rana ta biyu da hantsi na dawo ofis, na ce mata na manta hulata.