Kunyar 'Yar Fari

'Yata ta fari ta kai shekara tara ba ta bambance fuskar mai fushi da ta mai wasa. Likita a Kazaure ya ce ƙwaƙwalwarta a hankali take ɗaukar abu, sai mun yi haƙuri. Haƙuri kam ina da shi. Amma ranar da ta shiga gidan rasuwa ta ga mata na kuka ta fashe da dariya, na dawo gida na ce zama bai gan ni ba.

Na sayo madubi a kasuwar Roni. Kullum bayan la'asar sai mu zauna a tabarma, in ɗaure fuska in ce, "Wannan fushi." In sake ta in ce, "Wannan murna." Maƙwabciyata har tsokanata take yi, wai na buɗe makarantar yatsina. Mun daɗe muna fama kafin ta riƙe fuska uku. Wanda ya fi zauna mata shi ne, mai fushi yakan kawar da fuska, ya ƙi kallonka.

Ni ce na manta da kaina. A gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. Kunya ce. Haka aka yi mini, haka na yi mata tun tana goye.

Muka je suna Babura, gidan surukaina, tsakar gida maƙil da mata. Ta taho da gudu tana nuna mini lallen hannunta. Na kawar da fuska yadda na saba.

Ta tsaya, ta leƙo ni sosai kamar yadda na koya mata, ta ce da ƙarfi, "Umma tana fushi da ni. Kullum in da mutane sai ta yi fushi."

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa zuciyata ta karye. Darasin ya shiga, ga abin da yarinyar nan ke karantawa a fuskata.

Surukata ta ce, "Ƙyale ta, 'yar fari ce, za ta gane."

Na ce, "Ki gafarce ni, Inna, wannan sai an nuna mata."

Na durƙusa, na kama hannun lallen, na kira sunanta a gaban kowa. Ina murmushi, hawaye na zuba.

Ta daɗe tana duba ni, sannan ta ce, "Umma, wannan fuskar ba mu yi ta ba."

Na ce, "Laifina ne. Sunanta so. Muna komawa gida da ita za mu fara."