Ƙwayar da Ƙanwata Ta Kawo Daga Rogo

Shekarar da al'adata ta ɗauke, na ɗauka na huta. Ashe da sauran aiki. Ina zaune lafiya lau sai wani tururi ya taso min daga ƙirji ya haye fuska, gumi ya jiƙa ɗankwali, ko da kuwa ana tsuga ruwan sama. Ga shi sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kullum ina bakin murhu. Masu zuwa saye gidanmu a Karaye suka fara cewa na zama mafaɗaciya. Gaskiyarsu. Ana dafa ni ciki da waje, ina zan samo fara'a?

Ƙanwata da ke aure a Rogo ce ta zo da magani. Ita dama an yi mata aiki a Kano an cire mata mahaifa, likita ya ɗora ta a kan wasu 'yan ƙwayoyi. Ta same ni ina fifita da faifai, ta yi ta dariya.

"Yaya, wannan wahala ai ganin dama ce. Sinadarin mata ne ya ƙare a jikinki, istirojin suke ce masa. Wannan ƙwayar ita ke mayar da shi. Ungo, ni ma ita nake sha."

Mu haka muka taso a gidanmu. Wadda ta dace da magani sai ta ɓallo wa 'yar'uwa, yadda ake ɓara goro. Na karɓa na yi godiya, kuma wallahi ya yi aiki. Zafin ya kwanta, barci ya dawo, har maigida ya ce an sauya masa mata. Duk mai zuwa daga Rogo sai ƙanwata ta ba shi saƙona a ƙulle cikin leda tare da daddawa. A haka damina ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Wata safiya na shiga banɗaki na ga jini.

Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Shekaru rabona da shi. Ban ma san ko in yi salla ko in bari ba, kuma wa zan tambaya, ina da jikoki? Sai na tuna wata dattijuwa 'yar ƙauyen Turawa da ke kawo min gyaɗa. Ita ma da tsufanta jini ya dawo mata. Ta ɓoye har sai da wari ya tona, ta rame ta koma kamar kara. Da aka kai ta asibiti aka ce ciwon daji ne, kuma an makara. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har a naƙudar fari.

Na yi ta jira ya ɗauke. Ya ɗauke, ya dawo. Ranar da na ƙona kasko guda na ƙuli-ƙuli ina tsaye a kansa, na san ba zan iya ci gaba da ɓoyo ba. Na je asibiti, suka tura ni Kano.

Likitar mace ce, ba za ta girmi 'yata ba. Na kwance bakin zani na nuna mata ƙwayar.

"Mama, wa ya rubuta miki wannan?"

"Ƙanwata."

"Likita ce?"

"Tela ce."

Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya ƙara tsinka min zuciya. Ta ce maganin mai kyau ne, amma ba a shansa shi kaɗai sai in an cire mahaifa. Mai mahaifa sai an haɗa mata da wani, in ba haka ba bangon mahaifar ya yi ta kauri, wani lokaci har ya rikiɗe ya zama daji. Aka yi min hoto, aka yanko ɗan nama daga ciki, aka ce in koma gida in jira.

Jiran nan ba na fatan maƙiyina ya ɗanɗana shi. Ina ba jikata tuwo sai in tsinci kaina ina tunanin wa zai yi mata kitson salla baɗi. Ko cikina ya yi ƙugi sai in ce shi ke nan, abin ya fara ci. Ƙanwata ta yi ta kira, na ƙi ɗagawa. Na san ba mugunta ta yi ba, amma ba na son jin muryarta.

Da na koma, likitar ta ce kauri ne kawai, bai rikiɗe ba. Ta hana ni waccan ƙwayar, ta ba ni wata, ta ce in riƙa zuwa ana dubawa. Na fito ina hamdala a fili kamar zararriya.

Ina isa gida na kira ƙanwata na kwashe komai na faɗa mata, har da ɗan zagi na 'yan'uwa. Na zaci za ta yi murna.

"Yaya," ta ce, "ba ke kaɗai nake aika wa ba. Har da Yaya Babba. Ta ma riga ki farawa."

Yaya Babba ita ce babbarmu, tana ƙauyen Kwanyawa, kuma mace ce da ko ƙafarta ta karye sai ta ce tuntuɓe ne. Ko mayafi ban sauya ba na tari mai babur. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta fara jero gaisuwa, ya hanya, ya maigidan, ya yara, na katse ta, abin da ban taɓa yi mata ba.

"Yaya, don Allah ki faɗa min gaskiya. Kina ganin jini?"

Ta waiga ta tabbatar ba kowa, sannan ta rufe baki da gefen zani tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke wa ya gaya miki? Ai ya fi shekara. Ni na ɗauka ƙuruciya ce ta dawo."