Gonar Gwaggo da Muryar Ƙanena

Na tsufa ina tafinta a kotu a Jega. Ban karanci lauya ba, amma kunnena ya sha shari'a har ya ƙoshi. Ko bayan na ajiye aiki, duk wanda sammaci ya samu a danginmu, daga Fagada har Maiyama, ƙofata yake fara kwana. Mahauta ma, in zan wuce, sai su tsayar da ni in warware musu hukuncin da suka ji a labarai. Ina jin daɗin abin, ba na ɓoyewa.

Sai ƙanena ya gama karatun lauya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi a keke zuwa firamare. Ba a jima ba gidan rediyo ya ba shi fili yana sharhin hukunce-hukuncen manyan kotuna: yau rikicin fili, gobe zaɓe, jibi sakin aure. Muryarsa sumul. Direbobin Aliero har rage gudu suke in ya fara. A majalisarmu kuwa, ina buɗe baki sai wani ya ce ai Barista ya riga ya yi bayani. Sai in yi murmushin yaƙe. Kishi ne tsagwaronsa, kuma kishin ɗan'uwa ya fi ciwo, don ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Kowa taya ka murna yake.

Mutum ɗaya ta rage mini, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke Fagada. Kunnenta ya yi nauyi, rediyo bai dame ta ba. A wurinta har yanzu ni ne mai shari'a.

Wata ranar kasuwa ta iso gidana da damuwa. Gonar albasar kakanmu ba a taɓa raba ta ba, 'ya'yan sauran yayyenta ke nomawa, yanzu kuma sun ce sun daɗe a ciki, ta zama tasu. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma, na gyara zama, na matsa kusa da kunnenta. Na gaya mata kwanan nan kotun ɗaukaka ƙara ta duba irin wannan, ta ce daɗewa a gonar gadon da ba a raba ba ba ta cinye rabon magaji, mace ce ko namiji. Na faɗa mata kotun da za ta je da irin shaidun da za ta nema. Rabon da in yi bayani mai daɗin wannan har na manta.

Ta saurara tana gyaɗa kai. Da na gama sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙaramar waya ta miƙo mini.

"Kira man ƙanenka, in ji ko hakanan na."

Ashe jikokinta sun daɗe suna ba ta labarinsa. Na kira. Ya gaishe ni da ladabi, Yaya kaza Yaya kaza, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya saurari matsalar, ya fara bayani. Gwaggo ta kanga wayar a kunne, ta girgiza kai.

"Ban jin shi, ɗana. Mi yac ce?"

Dole na karɓa. Yana faɗi, ina ɗaga murya ina zuba mata a kunne. Maganata ce sak, ko gishiri bai ƙara ba, har kotun da shaidun. Maƙwabta na jina ta katanga ina ta "ya ce, ya ce".

Fuskar Gwaggo ta washe.

"To, yanzu na ji magana. Allah shi yi mai albarka."

Ta ɗaure wayarta, ta dafa kafaɗata ta miƙe. A bakin zaure ta juyo, cikin tausayi.

"Kai ma ka riƙa zama kusa da shi, ɗana. Ka ƙaru."