Inda Mama Liyatu Take Yin Shiru

Kafin ƙarfe bakwai ta yi, Mama Liyatu ta riga ta sauko daga napep a bakin asibiti, da 'yar jakarta ta leda da silifas ɗin da ya ci duga-dugai. Daga bayan Kambarawa take tasowa. Ba ta shiga ɗakin mata sai ta tsaya bakin famfo ta ɗaure ɗankwali, ta naɗe hannun koriyar rigarta, ta dafa bango ta ɗan yi motsi da baki. Daga nan sai bokiti. Ta kwashe fo na ƙarƙashin gadaje, ta wanke, ta goge ƙasa, ta canza zanen wadda ta ɓata shimfiɗa, ta juya wadda ba ta iya juyawa. Gado goma sha huɗu ne a ɗakin. In ta kai na ƙarshe, na farko ya sake ɓaci.

Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan da ya wuce ta aje shi. Ba a yi taro ba. Ma'aikata uku suka haɗa mata atamfa, aka ɗauki hoto a baranda, kowa ya koma bakin aikinshi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda ni baki bai cika yi mani daɗi ba a gaban mutane. Wata biyar na yi a ɗakin nan ina jinyar kakata, Kaka Ma'u, da ciwon suga ya ci wa ƙafa. Ina zaune kan tabarma tsakanin gado da bango, ba mai lura da ni, ni kuwa ina ganin kowa.

Mama Liyatu Kirista ce, Bahausa daga wajen Kafur. Kaka ba ta taɓa barin ta ta wuce lafiya ba.

"Liyatu, ke da kin yi salla ai da kin gama. Wanga aiki naki ko Hajiya mai haƙorin Makka biyu ba ta yin shi."

"To Kaka, in na bi ki masallaci wa zai kwashe maki fo?"

"Ja'ira. Allah dai ya shirye ki."

"Amin, mu duka. Ɗaga ƙafar."

Haka suke kullum. Matar da ba ta ƙyamar gyambo, ba ta toshe hanci a gaban mai ciwo, wadda in tsohuwa ta ji kunyar abin da ya kubce mata sai ta ce, "Haba Inna, ni ma jiya da kyar na kai bayi." Uwar marasa 'yan jinya, haka wata nas take ce mata. Ita kuwa ƙafafunta a kumbure suke tun kafin azahar.

Ana nan sai aka kawo wata Hajiya gado na shida, kusa da namu. Hawan jini ya buge ta, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hajiya Maimuna sunanta. Nas-nas suka yi ta zuwa gaishe ta suna rusunawa, ashe tsohuwar babbarsu ce, ta yi ritaya da daɗewa. 'Yarta Hafsat tana aure a Abuja, ta zo ta kwana huɗu, ta bar wata mata ta haya tana kula da ita, ta koma.

Tun ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Mama Liyatu ta zo gado na biyar ta yi gaisuwa da tsokana, ta zo na shida ta share ƙarƙashinshi, ta ɗauki fo, ta wuce na bakwai ba ta ɗaga kai ba. Aikin dai ta yi shi, ba abin da za a kama ta da shi. Amma ko sannu. Hajiya kuwa ido ɗaya da ke motsi yana bin ta har ta fita.

Ramla, abokiyar aikinta, ita ta faɗa wa Kaka dalili. Shekara goma sha tara da suka wuce, Mama Liyatu a ɗakin haihuwa take, har an sa sunanta cikin waɗanda za a tura karatun taimakon nas. Wata rana lokacin sanyi aka haifi bakwaini, namiji, ga wuta an ɗauke. In haka ta faru, robar ruwan zafi ake cikawa, a naɗe ta da zane, a aje kusa da jariri don ya ji ɗumi. Sista Maimuna ta ce wa Liyatu ta ciko robar. Ta ciko ta miƙa mata. Sista tana sauri, ta tura robar jikin yaron ba ta naɗe ba. Bayan yaron ya saɓule. Ya rayu, amma da tabo tun daga kafaɗa har ƙugu. Da kwamitin bincike ya zauna, Sista ta dafa ƙirji ta ce ita ba ta sa kowa ba, Liyatu ce ta cika, ita ta aje. Aka dakatar da Liyatu wata shida, aka soke sunanta daga karatu, aka maido ta ɗakin mata da bokiti. Shekaru ana nuna ta da baki, ga mai ƙona jarirai can.

Kaka ba ta iya riƙe magana. Washegari Mama Liyatu tana canza mata zane, ta kama mata hannu.

"Ɗiyata, baiwar Allah nan ta gama yawo. Ki yafe mata mana, ko ta samu ta tafi da sauƙi."

Mama Liyatu ta zauna bakin gadon, abin da ba ta yi lokacin aiki. Ta rage murya.

"Kaka, shekara sha tara nike jiran kalma ɗaya. Ko a biki muka haɗu, ko a kasuwa, sai in ce yau za ta faɗa. Ta je Makka sau biyu, na ji ta bi gida-gida neman gafara kafin ta tashi, ba ta zo ƙofata ba. Yanzu ga ta an kawo mani ita har gado, bakin ya rufe. Mi zan jira kuma?"

"To ku addininku mi ya ce?"

Ta yi 'yar dariya ta gajiya. "Ai shi ne ya hana ni sakat."

Ta ce akwai addu'ar da suke yi kullum, ita ce take yi a bakin famfo da safe. A tsakiyarta akwai inda mutum ke roƙon Allah ya gafarta mashi kamar yadda shi ma yake gafarta wa waɗanda suka yi mashi laifi. In ta zo wurin sai ta yi shiru, ta tsallake, ta ci gaba. "Ina tsoro, Kaka. In na faɗa, ai da bakina na ce ya yi mani yadda nike yi wa Maimuna." Kuma a majami'arsu, Lahadin farko ta kowane wata ana cin jibin Ubangiji, ɗan burodi da ɗan abin sha don tunawa da mutuwar Yesu. Kafin a raba, fasto kan ce duk mai riƙe da wani a zuciya ya je su shirya tukuna. Faranti ya zo gabanta, ta miƙa wa ta kusa. Shekara sha tara. Fastoci huɗu sun zo sun tafi, kowanne ya zaunar da ita, ta ce to.

"Yanzu saura mani sati bakwai in aje aiki. Ko ita ta riga ni fita daga ɗakin nan, ko ni in riga ta."

Kaka ta ce, "Allah ya kyauta." Ba ta ƙara tsokanarta ba ranar.

Kwana goma sha ɗaya aka yi a haka. Ranar sha biyu, matar da aka ɗauka haya ta ce za ta je Batagarawa ta dawo, ba ta dawo ba. Da hantsi ɗaki ya ɗauki wari. Hajiya ta ɓata jikinta har gadon baya, tana kwance tana kallon silin. Ramla ba ta zo aiki ba, nas ɗaya ce kan gado sha huɗu. Mama Liyatu ta tsaya tsakar ɗaki da tsintsiya a hannu, ta daɗe. Sannan ta jingine ta, ta fita, ta dawo da butar ruwan zafi da baho.

Ta ja labule, amma labulen gado na shida bai kai ƙarshe, daga inda nake ina gani. Ta zuba ruwan zafi, ta sirka da na sanyi, ta tsoma bayan hannunta ta ji. Sai ta tsaya a haka, hannu cikin ruwa, kamar wadda aka kira sunanta daga nesa.

Ta wanke Hajiya tas, ta shafa mata mai a baya inda fata ta fara ja, ta sa mata riga. Sannan ta durƙusa daidai kunnenta na hagu, wanda ke ji.

"Sista. Liyatu ce, kin gane ni ai. Akwai abin da kwamiti bai tambaye ni ba, ni kuma ban faɗa ba. Ranar nan ban sirka ruwan ba. Daga kan wuta na juye shi yana tafasa, ban ko taɓa ba. Lokacin tashina ya yi, ina sauri in je koyon waƙa a coci, ina jin haushin kin tsaida ni. Ke ba ki naɗe ba, ni ban sirka ba. Mu biyu muka ƙona yaron nan."

Ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Ƙaryar da kika yi mani, ta yi mani ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Na yafe maki. Ba sai kin faɗi komi ba. Ni ma na yi maki fatan abin da bai kamata ba, har da irin wannan kwanciyar. Ki yafe mani."

Hajiya ta rufe ido. Ruwa ya gangaro daga na dama, amma wannan idon dama kullum yana zubar da ruwa tun da aka kawo ta. Ko ta ji, ko ba ta ji ba, Allah masani. Mama Liyatu ba ta tsaya nema ba. Ta ɗauki baho ta fita, ta dawo ta ci gaba da shara daga inda ta tsaya.

Da la'asar Kaka ta kira ta.

"Amma fa Hajiya ba ta roƙi gafararki ba."

"Ba ta roƙa ba. Kaka, mu abin da aka koya mana, ba mai tsabta ko ɗaya, kuma ba mu muka fara zuwa wurin Allah ba, shi ya fara zuwa. Tun ba mu san mu tuba ba Yesu ya ɗauki laifinmu ya kai kan gicciye. Na san wannan tun ina yarinya, ina rera shi a waƙa. Amma na ɗauka ni ce mai gaskiya tsantsa a maganar nan, sai na zauna kan kujerar alƙali. Yau da na tsoma hannu a ruwa na tuna yaron. Yanzu saurayi ne, in yana raye, yana can wani ƙauye da tabona a bayanshi. Ban san sunanshi ba. Ba ni da ƙofar da zan buga in ce ya yafe mani. In gafara sai an roƙa baki da baki, to ni ma tawa ta ƙare."

Kaka ta ce, "Mu dai a wurinmu hakkin mutum sai shi ya yafe. Sai ki yi ta yi mashi addu'a."

"Zan yi. Ki taya ni."

"Kin cika son banza. To, na ji."

Daga ranar ita ke yi wa Hajiya wanka, ita ke ba ta kunu da cokali, ita ta kira Hafsat a waya ta ce mata ta zo, uwa ba a barin ta hannun haya. Ba wai fuskarta ta koma haske ba, kar in yi maku ƙarya. Wata safiyar na gan ta ta tsaya ƙofar ɗaki tana kallon gado na shida, muƙamuƙinta ya ɗaure. Ta ce wa Kaka, "Yau ma sai na sake yafewa. Kamar fo ne, ka kwashe jiya, yau ya cika."

Litinin ɗin farkon wata ta shigo tana jan ƙafa. Kaka ta ce, "To, kin ci abin naku?"

"Na ci."

"Da daɗi?"

"Burodi ne dai, Kaka, har ya ɗan bushe. Amma na yi addu'ar tun daga farko har ƙarshe."

Hajiya Maimuna ta rasu sati biyu kafin Mama Liyatu ta aje aiki, da rana, Mama Liyatu na riƙe da hannunta na hagu.

Mama, ke ce wadda aka ɗora wa bokiti don a wulaƙanta ki, kika ɗauke shi shekara sha tara ba ki taɓa huce haushinki kan marar lafiya ba. Ke ce kika wanke wadda ta ɓata maki suna, kika kuma faɗi naki laifin a lokacin da ba sauran mai iya tona shi. Da na ce maki zan rubuta wannan, kika ce in rubuta amma in sa maganar ruwan da ba ki sirka ba, in kuwa zan cire, to in bar shi duka. Ga shi na sa.

Na gode da ƙafar kakata da kika riƙa ɗagawa ba tsaki. Allah ya huta da gajiyarki, ya sassauta maki kumburin nan.

Ku kuma da kuke karantawa, addininmu da nata ba ɗaya ba ne, kuma ban zo wa'azi ba. Amma kusan kowa yana da gadon da yake tsallakewa ba sannu, yana jira a fara zuwa wurinshi. Bakin Hajiya a yini ɗaya ya rufe. In naku da na wancan ɗin suna buɗe har yanzu, ku je tun yau.