Ɗakin Karatun da Ya Yi Gumi

Shekara talatin da huɗu Wacera tana auren Mwalimu Gikonyo, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin ya ci dafaffen ƙwai kamar sauran mutane ba. Sai ya ɗaga shi sama tukuna, ya gyara tabarau.

"Maman Nduta, ɓawon nan shi ne ƙasar da muke takawa. Farin shi ne dutse mai zafi da ke motsi a hankali a ƙarƙashinmu. Kwanduwar kuma ita ce tsakiyar duniya, ƙarfe zalla."

Daga nan sai ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya nuna yadda ɓawon ya tsattsage, ya ce haka duniya take, ɓari-ɓari, kowane ɓari da tafiyarsa, su kuma mutanen dutsen Eburru a daidai bakin tsagar suke zaune. Haka ya koya wa yara har ya yi ritaya. Da yara suka ƙare, ita ta zama ajin.

Ita kuwa Wacera abin da ta sani game da cikin ƙasa shi ne yana shayar da gidanta. A kan dutsen nan babu rafi, babu rijiya. Tururi ne ke fitowa daga wani rami a bayan gonarta. Tun tana amarya ta kifa masa rabin duro, ta jona dogon bututu, tururin ya bi ya huce, ya riƙa ɗiga cikin jarka. Da wannan ɗigon ta yi shayi, ta dafa githeri na masara da wake, ta raini 'ya'ya huɗu, ta shayar da saniyarta.

Wata Laraba ƙasa ta ɗan girgiza, kofuna suka yi ƙara a kan kanta. Washegari ta tarar da bututun ya yi sanyi ƙalau, jarka ko ɗigo babu.

Wayyo, Mwalimu har da murna. Ya fito da taswira.

"Tsagar ce ta motsa, Maman Nduta. Nan da shekara miliyan teku zai shigo kwarin nan."

"Baban Nduta, saniyar ba za ta jira miliyan ba. Ɗauki diga mu nemo inda tururin ya koma."

"Ba a haƙa da ka. Sai an yi nazari."

Sati uku yana nazari. Ita kuma sati uku tana sauka gangare da jarka a baya, gwiwa na ƙara, tana roƙon ɗigon maƙwabta, waɗanda su ma nasu bai ishe su ba. Nono ya ragu, haƙarƙarin saniya ya fito. Mahauci ya fara tsayawa a bakin shinge yana gaisuwar da ba a tambaye shi ba. Takaici ya ishe ta, har ta daina dafa ƙwai a gidan.

Shi kuwa abin da ya dame shi daban. Ɗan ɗakin karatunsa na katako, inda ko shara ba ya bari ta shiga yi, ya fara gumi. Taswirori suna ɓanɓarowa daga bango, littattafai sun yi fumfuna. Ya hau ya leƙa kwano, ya sauko yana zagin kafinta. Rufi na yoyo, in ji shi, a tsakiyar rani.

Ranar da ta kai masa shayi ta ga kajinta duka sun lafe a gindin bangon ɗakin, sai ta tsaya. Ta tura ƙofa ta shiga. Wacera ba ta sa takalmi a gida. Mwalimu kuwa malami ne, ko bayan gida za shi sai da safa da sau-ciki. Tafin ƙafarta na taɓa daɓen ta ji shi da ɗumi kamar bakin murhu.

"Cire takalminka."

"Me ya yi zafi haka?"

"Ƙasan kujerarka. Cire."

Ya cire, ya taka. Ɗumin ya ratsa masa tafin ƙafa. Ya dubi littattafan shekara talatin, ya dubi saniyar ta taga, sannan ya fara kwashe kaya da kansa. Da ta ɗaga diga sai ya karɓe, don dai kada a ce. Sara na shida tururi ya taso ya rufe masa tabarau.

Kafin la'asar bututu ya ratsa ta tagar ɗakin, jarka ta fara amsawa ɗis, ɗis. Wacera ta ɗaure ƙwai ɗaya a tsumma, ta zura a bakin ramin, da ya dahu ta miƙa masa. Ya ɗaga shi sama, hannu ya tafi wajen tabarau.

Ta ce, "Baban Nduta, sati uku kana zaune a kan darasin. Ci kawai."

Ya ɓare ya ci, ƙafa ba takalmi.