Kawu Bawa Maƙeri da Farautar Almakashi

Duk wanda Kawu Bawa ya taɓa kai wa ziyara a Zuru ya san tsarin gaisuwarsa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, sannan: "Ina almakashin gidanga?" Kuma ba wasa yake ba, sai an ɗauko. Ya kai shi kusa da kunne, ya buɗe, ya rufe, ya lumshe ido kamar mai sauraron labaran duniya a rediyo, sannan ya yanke hukunci. Yawanci hukuncin ba ya yi wa masu gida daɗi. Na gidana ya ce ba yanka yake ba, tauna yake, taunar ma irin ta tsohuwar da haƙoranta suka yi ritaya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na tsufa ina koyarwa a sakandare, amma a bakinsa ban taɓa wuce Ticha Mai Almakashin Banza ba.

Dalilin wannan ciwo nasa sana'a ce. Kawu maƙerin farfaru ne, azurfa yake sarrafawa: zobe, warwaro, ɗan kunne. Abin da ake liƙe bakin zobe da shi kuwa shi ne sinadari, wani haɗin azurfa da ke riga zoben narkewa a wuta. Mu a aji komai muka zuba a kwalba sinadari muke ce masa, shi kuwa Kawu har ya bar duniya yana cewa 'yan boko sun sace kalmar daga maƙera ba su ko yi sallama ba. Yakan buga sinadarin ya yi fale-fale kamar ganye, ya tsattsaga bakinsa kamar haƙoran mataji, sannan ya yanka a kwance, gutsattsarin su zubo ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Almakashi ɗaya tak ya yarda da shi a wannan aiki, wani ɗan siriri da ya gada wurin maigidansa. Gimbiya yake ce masa. A kube na fata take kwana, ba a aronta, ba a ko nuna ta da yatsa.

To, ana nan sai maƙwabcinsa Saje Markus, tsohon soja, ya shigo rumfa da wani ƙulli a gefen hankici. Zoben marigayiyar matarsa ne, Mama Talatu. 'Yarsu Rifkatu za ta yi aure, ta ce da zoben uwarta take so a ɗaura a coci, ga shi kuma ya yi mata kaɗan. Sai an yanka shi an ƙara azurfa an liƙe. Zoben ya sha shekaru a hannun mai daka da wanki, ya siranta, ga wani ɗan zane na ganye kewaye da shi da ya kusa shafewa. Kawu ya juya shi a haske ya bayyana mana haɗarin: in gutsuren sinadari ya yi girma zai malale ya cike zanen, in aka sa magagari a goge, zanen ya tafi ke nan har abada. Saje ya ce shi dai abin da ya rage musu na Talatu ke nan. Kawu ya ce ya je ya kwanta da kunnuwansa biyu, Gimbiya na nan.

Ashe Gimbiya ba ta nan yadda ya bar ta. Inna Kulu, matar Kawu, ta nemi abin datse wayar shanya ta rasa, ta ga kube a rataye. Da Kawu ya zaro ta washegari ya kai kunne, sai muka ga fuskarsa ta sauya kamar an aiko masa da rasuwa. Giɓi ne a baki, ga ƙafafun sun daina haɗuwa. Ya wasa, ya daddanna ƙusar, ya sake saurare. Ina! Ya leƙa cikin gida ya tambayi Inna mi Gimbiya ta yi mata. Inna, ko ɗagowa daga tsintar shinkafa ba ta yi ba, ta ce ai ta ɗauka almakashi don yanka aka yi shi, ba ta san kishin sarauta yake ba. Biki kuwa saura 'yan kwanaki.

Nan farauta ta tashi, ni ne direba, babur ɗina ne dokin yaƙi. Muka fara da wani tela a Rikoto da Kawu ya daɗe yana yaba muryar almakashinsa. Telan ya karɓe mu da murna, ya miƙa don a saurara kamar yadda aka saba. Yana juya baya ya auna wani mutum, Kawu ya zaro fallen sinadari daga aljihu ya datsa. Ƙas! Gutsuren ya yi sama, ya daki kwanon rufi, ya faɗa cikin kokon da telan ya ajiye yana hucewa. Tela ya juyo ya ga ana yanka ƙarfe da abin cin abincinsa, ya ƙwace yana salati. Kawu bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi yadi ya sangarta almakashin, kuma a ba shi cokali ya nemi kayansa. Haka ya tsaya ya shanye kokon mutum a hankali har ya ji abu a haƙori, ya tofo a tafin hannu, ya yi godiya muka fita.

Daga nan sai shagon mai aski. Kun dai san kan Kawu, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Mai askin ya dube shi ya tambayi abin da za a aske. Kawu ya ce gemu, kuma da almakashi, ba da inji ba. Dabararsa ita ce ya ji muryar kowane almakashi na shagon a kusa da kunne. Aka fara, ya ce a sauya. Aka sauya, ya ce wanga yana da mura. Na uku ya ce munafuki ne, baki na rufe gindi na buɗe. Kafin almakasan shagon su ƙare, gemun ɓangaren dama ya ƙare. Kawu ya miƙe ya ce ba wanda ya ci jarrabawa, don haka ba dalilin ɓata na hagu. Da rabin gemu na goya shi muka ratsa kasuwa, yana amsa gaisuwa ta gefen da ya rage.

Da gari ya gaza, sai ya koma dabarar maƙeran baƙi: kurfi, wato ƙarfen sara, da guduma a kan uwar maƙera. Gutsattsarin suka fita manya-manya, kowanne kuma da inda ya nufa. Ɗaya ya faɗi gaban kazar Inna, ta yi masa bismilla. Kawu ya sa aka kife ta da kwando, ya ce tana tsare sai ta dawo da kayan mutane. Saje, da ke zaune bakin rumfa kullum yana kallon zoben matarsa a yanke cikin ɗan faranti, ya yi dariya a karon farko, ya ce ko a bariki bai ga an tsare mai laifi ana ba shi dawa ba. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Maƙeri, in ba zai yiwu ba ka faɗa mini. In san abin da zan gaya wa yarinyar."

"Saje, ni na yanka shi, ni zan rufe shi. Ka bar ni da ƙarfe."

Ya faɗa da ƙarfi, amma na ga bai taɓa tuwon rana ba.

Ana jibi biki Rifkatu ta zo da kanta. Ta gaida Kawu, ta kalli rabin gemu ta haɗiye dariya, ta kalli farantin ta haɗiye wani abu daban. Ta zauna kan benci, don ta rasa abin yi da hannunta sai ta ciro ɗan abin yanke farcen nan na kanti daga jaka. Ƙyas. Ƙyas. Kawu, da ya dafe kai yana kallon gawayi, ya ɗago a hankali kamar wanda ya ji kiran sunansa a taro.

"Ɗiyata, sake in ji."

"Me zan sake, Baba?"

"Wanga abu. Mi sunanshi?"

Ta miƙa masa tana cewa ai na farce ne. Ya kai kunne. Ya ɗaga shi a haske ya ga leɓɓan sun haɗu ɗam, ko iska ba ta wucewa. Ya tura bakin sinadari, ya toshe gefe da gefe da yatsu biyu, ya danna. Da ya buɗe, ga gutsure kwance a yatsansa, bai kai ƙwayar riɗi ba, bai yi tsalle ko'ina ba. Jama'a, tsohon nan tashi ya yi ya taka rawa! Ya yanka wani, ya yanka wani, yana kiran Inna ta zo ta gani, yana kiran Saje, har kazar ya sa aka sake ta albarkacin ranar. Sannan ya tuna shekarun da ya yi yana zagin kayan kanti, ya tsaya cak, ya sa muka yi alkawari ba za mu gaya wa sauran maƙera ba. Bai kai la'asar ba ya gano mafita: ai wani maƙeri ne ya ƙirƙiro abin don sinadari, jahilai suka mayar da shi na akaifa.

Saura azurfar da za a ƙara. Kawu ya ce za a gutsuro daga warwaron Inna, diyyar Gimbiya ke nan. Inna ta riga ta cire warwaron kafin ya rufe baki. Ta ce ya ajiye maganar diyyarsa, ita da Talatu turmi ɗaya suka yi daka tun suna amare, ba sai kotu ta zauna ba. Da ya ɗora zoben a gawayi ya ɗauki bututun hura wuta, sai duk muka matso. Muka ga ɗigon sinadarin nan ya yi ƙyalli, ya kwanta, ya shige tsagar ya ɓace. Da ya wanke ya goge, ya ci gaba da zanen ganyen a kan sabon wurin, sai ya miƙa wa Saje. Saje ya juya, ya sake juyawa, ya ce kamar ba a taɓa shi ba. Kawu ya fusata.

"Wane irin ba a taɓa ba? Gemuna fa ya tafi a cikinshi."

Ranar biki, da aka fito daga coci aka zauna cin abinci, ya riƙa jan hannun amarya daga tebur zuwa tebur yana cewa a nuna masa inda aka liƙe. In mutum ya kasa, ya yi murna, sannan ya ji haushi ba a ga aikinsa ba. Sai da ango ya zo da ladabi ya roƙi a ba shi aron matarsa.

Da Kawu ya rasu bara, Rifkatu ta zo ta'aziyya daga Sakaba, goye da ɗa. Ta zauna kusa da Inna a tabarma tana murza zoben a yatsa. Ta ce har yau takan duba, ba ta gane inda Mama ta ƙare Inna ta fara ba. Inna ta kama hannun ta riƙe.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya yafe masa kokon tela da sauran kurakuransa. Yadda ya rufe wa marainiya tsagar nan ba tabo, Allah Ya rufe masa nasa haka, Ya haskaka makwancinsa. Amin.