Gora Ɗaya ta Zoɓo

Na daɗe ina riƙe da makullin sito a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Sakkwato, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba ni da daɗi a kan firji. Guda ɗaya gare mu, mai aiki da hasken rana, irin mai murfi a sama, a ciki muke ajiye alluran rigakafin yara. Ni ke buɗe shi, ni ke rufe shi, safe da rana in duba ma'aunin sanyi in rubuta a takardar da ke manne a bango. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa cusa ledar ruwa biyu a ciki ba da sanina ba. Na fito da su na jefa mata a baranda gaban masu awon ciki, na ce nan ba shagon mai ƙanƙara ba ne. Sati guda ba ta gaishe ni ba, ni kuwa ko a jikina.

Faɗan nawa da dalilinsa, don kaya ba sa zo mana da sauƙi. Duk wata sai na cika takardar neman magani na aika babban sito, motar kuma ta zo ranar da aka sami mai. Abin da ke gare su suke aiko maka, ba abin da ka nema ba. Ka nemi ledar ƙarin ruwa, a jibge maka katan-katan na maganin tsutsar ciki. Allurar masu ciwon suga kuwa, wato insulin, har na gaji da rubuta ta. Takardar takan dawo an ja layi a kanta da jan biro.

Cikin masu zuwa wurinmu akwai wani dattijon mahauci daga Ƙofar Rini, kowa Baba yake ce masa. Ciwon suga ya sa ya ajiye wuƙa, amma zaman gida ya gagare shi, kullum yana mahauta yana sa ido kan aikin 'ya'yan ƙannensa. A can ya taka tsinin ƙashi, ya sami ɗan ciwo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama. Likitanmu bai ɓoye masa komai ba. Ya ce idan sugan ya zauna ƙasa ciwon zai rufe, idan kuwa ya bar shi ya hau, to ƙafar ce za ta tafi. Baba ya ji tsoro, ya kuma bi doka. Ya bar suga, ya bar dabino, da azumi ya zo likita ya hana shi ya haƙura ya koma ciyarwa, ko da yake abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da yake mu ba mu da allurar, babban ɗansa da ke harkar shanu a Kano shi ke saye ya aiko. Na san yadda take zuwa, don Baba ba ya gajiya da ba ni labarin. A zuba ƙanƙara a kular abinci, a saka kwalaben, a ba wani direba amintacce a tasha. Direban ya ajiye kular a gaba kusa da ƙafarsa, in ya iso Gusau ya nemi sabuwar ƙanƙara ya canza. Ɗan yana kiran direba, direba yana kiran Baba, Baba kuma yana zaune a tasha tun hantsi yana jira. Da an miƙa masa sai ya hau keke napep ya zo wurina kai tsaye, ko gida ba ya biyawa. Kwalba huɗu ke zuwa. Ɗaya yake tafiya da ita, ya binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa yana yi wa kansa safe da yamma, uku kuma in ajiye masa a firji cikin wani babban gwangwanin madara da matarsa ta shimfiɗa wa auduga. Doka ba ta ce in ajiye kayan wani ba, amma likita ya yarda, ni ma na yarda.

Ranar da ya fara kawowa cewa ya yi, “Ɗiyata, ga ƙahwata nan na ba ki ajiya.” Muka yi dariya. Daga nan ba ya zuwa hannu sake, sai da tsoka mai kyau a ƙunshe, in ce ya bari, ya ce ba ni ya kawo wa ba, jikokinsa ya kawo wa.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda ya san Sakkwato a irin wannan lokaci ba sai na yi masa bayani ba, ruwan randa ma ɗumi yake yi. A unguwar Minanata inda nake aure mun kwana huɗu ba wuta, ga shi ranar Juma'a dangin mijina za su zo shan ruwa gidanmu. Akwai ƙanwarsa, mai bakin tsiya, wadda a azumin da ya wuce ta kurɓi zoɓona ta tambaya a gaban kowa ko shayi na dafa. Aka yi ta dariya. Shekara guda maganar nan tana ci na.

Ranar Juma'ar na yi sammako na riga kowa isa asibiti, da gora shida na zoɓo a jaka ƙarƙashin hijabi. Na rufe ƙofar sito, na buɗe firjin nan da nake yi wa mutane tijara a kansa, na fara jerawa. Biyar suka shiga. Ta shida ta ƙi, duk yadda na juya ta murfin ba ya rufuwa. Da na bar ta a waje da shi ke nan, mutum nawa ne ma za su zo? Amma na riga na sa wa raina shida.

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne ban yi abin nan cikin ruɗewa ba, tsayawa na yi na zaɓa. Kowace kwalbar rigakafi tana da ɗan tambari a jikinta wanda yake yin duhu idan zafi ya taɓa ta, kuma masu zuwa duba aiki shi suke fara kallo. Su ba zan taɓa su ba, don za su tona ni. Allurar Baba ba ta da wannan tambari. Sai na ɗauke gwangwanin madarar na ɗora a bakin taga, na zura gorata a gurbinsa. Na ce awa uku ne kawai, kafin a tashi na mayar.

Wajen sha biyu sai ga motar babban sito, wadda muka yi wata biyu muna jira. Direban yana ta tsaki yana duba agogo, masallaci zai tafi. Muka sauke kaya a gurguje, ina duba takarda ina faɗa da shi a kan wani katan da ya jiƙe. Yana tafiya na kwashe goruna sun yi raɓa, na kulle sito na tare keke. Zoɓo ya yi sanyi kam. Ƙanwar mijina ta sha kofi biyu ba ta sami abin kushewa ba, ni kuwa har wani daɗi nake ji.

Sai ranar Litinin da na buɗe ƙofa idona ya sauka kan gwangwanin. Tagar nan yamma take kallo, ɗakin kwano ne ba silin, kuma rana ta yi yammaci uku tana dukansa. Da safe ne amma da na taɓa shi da ɗuminsa. Na ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ina kallo a haske. Ɗaya ta yi wani ɗan gari-gari a jikin gilashin daga ciki. Na san abin da hakan ke nufi, an koya mana. Na yi ta murza ta a tafin hannu har na shawo kan raina cewa babu komai, na mayar da su firji na rufe, na rubuta ma'aunin ranar a bango.

Na yi niyyar faɗa wa likita, wallahi na yi. Amma da na tsara maganar a raina sai in iso wurin da zai tambaye ni me ya fitar da gwangwanin, dole in ce zoɓo. Ni, wadda na jefa wa mutum ledar ruwa a baranda. Ga shi ba mu da ko kwalba ɗaya da zan musanya masa, sai dai a sake tayar da ɗansa da direba da ƙanƙarar Gusau. Sai na ce bari in ga, wataƙila ba ta lalace ba.

Ranar Laraba Baba ya zo karɓar sabuwa, tasa ta gida ta ƙare. Na zaɓo wadda ta fi kyan gani na miƙa masa. Ya ɗora ta a kumatunsa ya ce sanyi ƙalau, ya sa min albarka, ya ajiye ƙunshin nama a kan tebur. Na kai naman gida na dafa, muka ci.

Kwana goma bayan nan ya dawo ya rame, yana kukan ƙishirwa da yawan fitsari, ciwon ƙafar kuma da ya fara bushewa ya koma ruwa. Aka gwada jininsa, sugan ya hau sosai. Likitanmu mutumin kirki ne amma yana da zafi, kuma ya gaji da tsofaffin da ke ɓoye masa gaskiya a watan azumi. A gaban mutane ya hau Baba da faɗa, ya ce ko dai azumi yake yi a ɓoye yana tsallake allura, ko kuwa yana shan kunu da suga yana cin dabino. Ya juya kan matarsa da ta rako shi, ya ce ita ke ba shi, tausayin banza zai sa ta raba mijinta da ƙafa. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

Baba ya ce, “Likita, wallahi tun da watan ga yat tsaya ban sa zaƙi ga bakina ba.”

Likita ya ce duk haka suke cewa. Ina tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu, taku uku ne tsakanina da su. Na koma sito na hau shirya katan ɗin da na riga na shirya.

Aka ƙara masa yawan allurar da zai riƙa yi, don haka kwalbar ta ƙare da wuri, ya aiko matarsa ta karɓi ta biyu. Na ba ta. A lokacin na fi jin tsoron faɗa fiye da farko, don yanzu ba zoɓon kaɗai zan amsa ba, har da shirun da na yi ranar da ake yi wa dattijo faɗa. Bayan sallah da 'yan kwanaki yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu, aka tura shi babban asibiti. Can da suka sa masa tasu allurar, kwana uku sugan ya sauka. Amma ƙafar ta riga ta yi nisa, daga ƙasan gwiwa aka yanke. Kwalba ta uku, mai gari-garin, na fasa ta na jefa a ramin da muke ƙone shara.

Na sha gaya wa kaina cewa masu ciwon suga suna rasa ƙafa ko da allura mai kyau, kuma gaskiya ne. Ban taɓa samun sauƙi daga wannan magana ba.

Da aka sallame shi na je gaishe shi a Ƙofar Rini. Na same shi a zaure kan tabarma, an rufa masa zane daga ƙugu. Matarsa ta kawo min ruwa ta koma ciki ba ta zauna ba. Daga baya na ji cewa 'ya'yan sun ɗora mata laifin, babban ma ya daina yi mata magana a waya. Na zauna na ce yau zan faɗa, in ya so ya tsine min. Na yi masa sannu, na tambayi jiki, ina neman ta inda zan fara, sai ya riga ni. Ya ce yana da saƙo da yake so in kai wa likita. Ya ce kwanciyar asibiti ta ba shi lokacin tunani, ya bi kwanakin azumin nan ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya yi kuskure, har ya gano.

“Wani yammaci bakin masallaci, abokina yab ba ni dabino ukku, nic ci, na mance sam. Ga shi na rantse ma likita gaban mutane. Ɗiyata, ki roƙa man shi gahwara. Ki hwaɗa mai tsohuwar ga ba ta da laihi, ni nij ja ma kaina.”

Idonsa ya kawo ruwa, ya sa bakin zane ya share. Na ce to, Baba. Abin da na iya cewa ke nan.

Washegari na sami likita a ofis yana rubutu, na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, har da yawan dabinon. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce ai dama ya sani, in gaya wa Baba ya yafe masa. Da aka tashi aiki na koma Ƙofar Rini na gaya masa, ya yi hamdala, ya ce yau zai yi barci.